A bar mana dandalin unguwa a Garwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, don Allah a ba ni dama in yi magana a kan wuraren shan iska da wasan yara a garinmu Garwa da ke arewacin Kamaru.

In baƙo ya sauka, ba ma rasa inda za mu kai shi. Ga filin Rumde Ajiya, inda aka buga wasannin kofin Afirka a watan Janairun 2022, har yau yarana ba su daina labarin ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema ba. Ga gidan namun daji a cikin gari, ga bakin kogin Binuwai da yamma. Mai hali ya shiga mota ya bi hanyar Ngaundere, ya ga dorina a gandun dajin Binuwai, wanda ya zama gandun ƙasa tun 1968. Alhamdu lillahi. Sai dai kowanne da ranarsa. Filin ƙwallo sai ranar wasa. Gidan namun daji sai da kuɗin shiga da na moto, shi ya sa mu sai da sallah. Gandun daji kuwa, ni da aka haifa a nan sau ɗaya na taɓa taka shi.

Wanda muke buƙata kullum, shi ne ake ƙwace mana da kaɗan-kaɗan: dandalin unguwa.

A bayan gidanmu da akwai wani fili mai tsamiya ɗaya da dogonyaro uku. Da hantsi tsofaffi su shimfiɗa tabarma, ga ramukan dararsu a ƙasa har sun yi santsi. Bayan la'asar samari su aje takalma biyu a matsayin raga. In wata ya yi haske, 'yan mata su fito gaɗa, muna jin tafinsu daga tsakar gida, mun san inda 'ya'yanmu suke. Ba wanda ya taɓa biyan ko dala. Wata safiya muka ga mutane da igiyar awo, bayan mako biyu aka sauke bulo, aka sare tsamiyar. Yau shaguna ne a wurin. Yaran sun koma bakin titi. Kwanan baya autana ya bi ƙwallo da gudu, mai moto ya taka birki har ya faɗi ya kurje gwiwa. Allah ne ya tsare, amma ranar ban iya cin tuwo ba.

Kuma kowa ya san zafin Garwa. A watannin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda, in an ɗauke wuta sai dai a fita. Maza suna da majalisa. Mu mata da ƙananan yara ina za mu?

Roƙona ga masu tsara gari, in za a yanka sababbin filaye, a fara cire na dandali kafin a raba sauran, a rubuta shi a takarda yadda ba mai iya sayarwa. Ya kasance kusa, inda yaro zai je da ƙafa uwarsa ba ta damu ba. Unguwanni uku ko huɗu su haɗu a kan babban fage ɗaya na ƙwallo da kokawa. A samu kuma ɗan lambu mai shinge, da benci da famfo da makewayi, domin in babu makewayi mace mai goyo ba za ta zauna ba. Bakin kogi da ruwa ke cinyewa da damina, maimakon a bari a yi gini, a dasa itatuwa a bar wa masu yawo.

Dashen ma ba wuya. Dogonyaro yana jure fari, yana saurin yin inuwa, wanda ya bi titunan garin Marwa ya gani da idonsa. Abin da ke kashe dashe a nan awaki ne da rashin ban ruwa a ranin farko. Mu matan unguwa mun riga mun yi shawara: a nuna mana fili, a kawo dashe, kewayewa da ƙaya da ban ruwa mun ɗauka.

Wassalam.

Taku,
Wata uwa daga unguwar Yalwa, Garwa