Shawarar baƙonku na Asabar za ta raba mutane da likitocinsu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, tun ranar Asabar raina a ɓace yake, kuma ban samu natsuwa ba sai da na zauna rubuta wannan takarda. Baƙon da kuka kawo a shirinku na ranar ya ce duk mazaunin Amurka da aka tura wurin likitan ciki da hanji ya fara buɗe shafin Open Payments, inda gwamnati ke wallafa kuɗin da kamfanoni ke ba likitoci, ya rubuta sunan likitan, in ya ga kuɗi masu yawa daga kamfanonin magani, to ya kama gabansa. Mai gabatar da shirin ya ce "ƙwarai kuwa", aka wuce. Ba wanda ya tambaye shi kuɗin mene ne, ko aljihun wa suka shiga.

Ni na bi wannan shawara tun kafin ku faɗe ta, kuma na ga abin da ta jawo.

Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya haura shekara 65, yana da Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi. Ya daɗe yana ganin jini a bayan gida yana ɓoyewa. Da matarsa ta tona, sai ya ce basir ne, ya aika gida a kawo masa sassaƙe. Wata da watanni muna lallashi kafin ya yarda a duba hanjinsa da kyamara, don kun san dattijon Bahaushe da jin nauyin irin wannan gwaji. Da ƙyar aka samu rana. Saura mako biyu, na dawo daga aiki da daddare, na shiga shafin na rubuta sunan likitan. Na ga dubban daloli. Gabana ya faɗi. Washegari na buga waya na soke ganawar, na ce, "Kawu, wannan ɗan kasuwa ne, ba zan miƙa ka hannunsa ba." Ya dube ni ya ce, "To ɗana, kai ka san boko." Sai da muka yi kusan wata biyar kafin mu samu gurbi wurin wata likitar. Wata biyar, jini na zuba, shi kuma yana komawa kan sassaƙensa.

Daga baya wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni, muka buɗe shafin tare, ta nuna min abin da ban duba ba. An kasa kuɗin gida uku: na yau da kullum kamar abinci, tafiye-tafiye, ladan lacca da ladan ba da shawara, na bincike, sai kuma hannun jari a kamfani. Mafi yawan abin da ya tsorata ni yana ƙarƙashin bincike ne, kuɗin gwajin sabon magani da ake biyan asibitin, sunansa ya fito ne don shi ke jagorantar aikin. Abin da ya rage 'yan kuɗin abincin rana ne. A kan wannan na kira bawan Allah ɗan kasuwa, na ɗauki alhakinsa, na kuma saka Kawu cikin haɗari. Yanzu kun ɗauki kuskurena kun raba wa dubban masu sauraro a matsayin shawara.

Haka baƙon ya yi da bayanan kuɗin Medicare. Ya karanto adadin da wani likita ya caja kamar ya kama ɓarawo da hannu dumu-dumu. Malam Edita, abin da likita ya rubuta a takardar caji daban, abin da Medicare ta biya shi daban, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Likitan da ke yi wa masu gyambon hanji ƙarin magani ta jijiya a ofishinsa shi ke sayen maganin da tsada, kuɗin su bi ta sunansa, adadin ya kumbura. Bayanan kuma ba su ƙunshi duk majinyatansa ba. Na Medicare na asali ne kawai, wanda gwamnati ke biya kai tsaye, babu na masu inshorar wurin aiki, babu na matasa masu inshora mai zaman kanta. In aikin da ya yi bai kai ga mutum 11 ba, ma ba a nuna shi. Don haka likitan da ke duba ɗaruruwan matasa zai iya fitowa kamar wanda bai taɓa riƙe kyamarar ba. Wanne daga cikin wannan baƙonku ya faɗa? Ko ɗaya.

Ban ce shafin Open Payments banza ba ne, kar a juya min magana. Dokar da ta tilasta wa kamfanoni bayyana abin da suke ba likitoci an yi ta ne a 2010, aka fara wallafa bayanan a 2014, kuma na gode Allah da ita. Akwai binciken da mujallar JAMA Internal Medicine ta buga a 2016, wanda ya nuna ko abinci sau ɗaya na ƙasa da dala 20 yana da alaƙa da yawan rubuta maganin kamfanin da ya saya. To in likita ya ɗora ka kan allura mai tsada, ka ga kamfanin allurar na biyansa ladan lacca shekara da shekaru, ka tambaye shi ido da ido me ya sa wannan ba waccan ba. A nan shafin ke da amfani. Amma ba zai gaya maka ko mutum ya iya duba hanji ba.

Abin da ya kamata ku koya wa mutane shi ne tambayar da 'yar'uwar tamu ta koya min: a cikin mutum ɗari da likita ya duba, nawa yake gano musu tsiron da kan rikiɗe ya zama sankara? Likitocin sun san wannan adadi nasu, kuma an daɗe da tsayar da cewa kada ya gaza 25 cikin ɗari, daga baya ma an ɗaga shi. Wani babban bincike da aka buga a 2014 ya nuna duk ƙarin kashi 1 a wannan adadi na tafiya da raguwar kashi 3 na haɗarin sankarar hanji. Sai kuma minti nawa yake ɗauka yana janyo kyamarar yana dubawa, don mai gaggawa shi ke tsallake tsiro. An daɗe da tsayar da cewa kada ya gaza minti 6, a 2024 ma an ɗaga shi zuwa minti 8. Ba za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a shafin kuɗi ba. Da baki ake tambaya.

Ranar da aka duba Kawu ina wurin. Daren da ya gabaci ranar ya kwana yana shan ruwan wankin ciki kofi bayan kofi, yana zirga-zirgar bayi har asuba, bai ci komai ba, idanunsa sun faɗa. Bayan an gama, likitar ta fito da hoto mai launi ta nuna min tsiro biyu da ta yanke, ɗaya kamar ƙwayar wake, ɗayan ya fi gyaɗa girma, ja jawur a kan ɗan siririn kara. Sakamako ya dawo bai kai ga zama sankara ba. Allah ya rufa asiri. Amma har yau in na tuna watannin nan biyar sai jikina ya yi sanyi.

Kuma ko ambaton shekaru ba ku yi ba. Tun 2021 aka sauko da shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45 a nan Amurka, ga 'yan'uwanmu direbobin tasi da masu aikin jinya a gidaje birjik a Bronx da suka wuce 45 ba su sani ba. Minti talatin kuka yi kuna ƙirga dalolin likitoci. Ina roƙonku ku kawo likitan ciki na gaskiya, mai jin Hausa, ya gyara wannan magana a shiri na gaba, ku kuma buɗe layi mu yi tambaya.

Sai wani abu da ya daɗe yana damuna. Kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai magana ya yi yawa. Kawu kunnensa ya yi nauyi, sai ya manna wayar a kunne, duk da haka rabin maganar kiɗa ke cinyewa, har a lokacin sanarwar rasuwa. Don Allah a rage shi, ko a cire gaba ɗaya.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Bronx, New York