Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Damagaram: ina kuɗin azuzuwanmu suka shiga?

Mai girma Gwamna, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin makarantar firamare ne a wata unguwa da ke bakin garin Zinder, kuma cikin abin da aka ɗora mini akwai darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, inda nake koya wa yara ma'anar haraji da amana da dukiyar jama'a, da kuma cewa duk wanda ya yi sama da faɗi da ita zai gamu da fushin hukuma. Wannan darasi nake bayarwa a cikin rumfar zana, alhali taku kaɗan daga gare mu ga gine-ginen azuzuwa uku da aka kai su iyakar taga aka watsar, babu kwano, babu ƙofa, sai awakin unguwa da ke wuni a ciki. Ɗan kwangila ya zo, an kafa allon aiki, an kwashe allon, shi kuma ya yi ɓatan dabo. Mu da iyayen yara mun kai kuka inda ya kamata, abin da muka samo shi ne "ana bincike".

Kwanan baya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, wanda ya ci kuɗin ajinmu an kama shi?" Na rasa amsar da zan ba ta, domin ba zan yi wa ɗaliba ƙarya ba, gaskiyar kuma tana rushe duk abin da na rubuta a allo.

Ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin cewa rumfar zana ba abin wasa ba ce. A watan Afrilu na 2021 gobara ta hallaka yara 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma ta sake cinye fiye da 20 a Maraɗi, aka yi ta'aziyya, aka yi alkawarin ginin siminti. Haka nan ba mu manta binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ba, wanda ya nuna salwantar kimanin miliyar 76 na sefa. An kafa HALCIA, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, a 2011, an kafa COLDEFF, hukumar yaƙi da masu wawure dukiyar ƙasa, a 2023, kowace da rantsuwar cewa zamanin handama ya wuce. To, idan kuɗin azuzuwa uku sun yi ƙanƙanta da yawa ga manyan hukumomi, a gaya mana wace ƙaramar hukuma ce aka tanada domin ƙananan ɓarayi.

Roƙona ba mai tsada ba ne. Kwangila ba ta fita sai da takarda, kuɗi ba sa fita daga baitulmali sai wani ya sa hannu cewa aiki ya yi. A ciro takardun nan, a karanta wa iyayen yara nawa aka ware, nawa aka biya, wa ya karɓa, wa ya shaida, sannan a miƙa wa shari'a duk wanda hannunsa ya taɓa. Maganar ƙarancin ruwa da teburan zama na bar ta sai wani jiƙon.

Hunturu na tafe, iska kuma ba ta neman izini kafin ta ɗauki tartsatsi daga murhun maƙwabta. Ƙofar makarantarmu a buɗe take, ko da yake ajin da za mu tarbe ka a ciki ba shi da ƙofa.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta, Zinder.