An Buɗe wa Mai Karatu Ƙofa, an Kai wa Marubuci Takardar Kuɗi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan sauyin da manyan kamfanonin buga mujallun ilimi suke yi, na komawa tsarin da kowa zai karanta maƙala a intanet ba tare da biyan ko sisi ba. Ni malamin jami'a ne, kuma na san ɗacin tsohon tsari: ka yi ta neman wata maƙala, ka same ta, ka karanta taƙaitaccen bayaninta, sai a ce ka biya daloli kafin ka ga sauran, alhali laburaren jami'arku ya daɗe da daina biyan kuɗin shekara na wannan mujalla. Saboda haka ba na cikin masu kewar wancan zamani. Abin da ya dame ni shi ne inda aka mayar da nauyin.

Misalin da ya fi bayyana lamarin shi ne na mujallar NeuroImage, wadda kamfanin Elsevier yake bugawa kan binciken hoton ƙwaƙwalwa. Mujallar ta koma tsarin karatu kyauta gaba ɗaya, aka kuma ɗora wa duk marubucin da aka karɓi aikinsa dala 3,450 kan maƙala guda. Editocinta suka nemi kamfanin ya rage, kamfanin ya ƙi, sai a watan Afrilun 2023 editoci sama da 40 suka ajiye aiki tare, suka kafa wata sabuwa mai suna Imaging Neuroscience a ƙarƙashin maɗaba'ar jami'ar MIT ta Amurka, da kuɗin da bai kai rabin na farko ba. Waɗannan masana ne, akasarinsu na jami'o'in Turai da Amurka, masu tallafin bincike a hannu, amma duk da haka suka ga abin ya wuce gona da iri. Mujallar Nature kuwa, da ta buɗe wannan zaɓi a farkon 2021, Yuro 9,500 ta yanka.

A canjin naira 1,500 kan dala, kuɗin NeuroImage ya haura naira miliyan 5. Malamin da ya yi binciken bai karɓi ladan rubutu ba, masanan da suka tantance aikin su ma kyauta suka yi, kuma sau da yawa gwamnati ce ko aljihun malamin ya ɗauki nauyin binciken tun farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na gani da idona a sashenmu. Wani abokin aikina ya shafe kusan shekara biyu yana tattara bayanai, ya aika wa wata mujalla ta ƙetare, masu tantancewa suka dawo masa da aikin har sau biyu ya gyara. Ranar da saƙon karɓa ya iso ya shigo ofis yana nuna mana a waya, muka yi ta taya shi murna. Kwana uku bayan haka takardar kuɗi ta biyo baya. Ya rubuta neman rangwame, aka rage masa rabi, amma rabin ma ya fi albashinsa na watanni, daga ƙarshe ya janye maƙalar ya koma neman wata mujallar daga farko.

Na san kamfanoni za su ce suna yafe wa marubutan ƙasashe matalauta. Gaskiya ne, sai dai da yawansu suna bin rabe-raben Bankin Duniya, wanda ya sa Nijar a rukunin masu ƙaramin ƙarfi, ya sa Nijeriya a matakin da ke sama da shi. Don haka malami a Yamai ko Maraɗi yakan iya samun cikakkiyar yafiya a inda takwaransa na Kano ko Sakkwato zai sami ragi kawai, kamar dai arzikin man fetur yana shiga asusun binciken kowane sashe. Faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ninka nauyin kusan sau uku, ba tare da mujallar ta ƙara ko dala ɗaya ba.

Mu ma muna da namu laifin. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu suna fifita maƙalar da ta fito a mujallun da ke cikin kundin Scopus, wato jerin mujallun ilimi na duniya da aka tantance, suna raina mujallun gida, sannan ba su tanadi kuɗin da za a biya ba. Wannan matsi ne yake tura matasan malamai hannun mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tantancewa.

Akwai wata hanyar da aka riga aka gwada. Tun ƙarshen shekarun 1990 Brazil ta kafa SciELO da kuɗin hukuma domin mujallun ƙasar su fito a intanet kowa ya karanta, daga baya wasu ƙasashen Latin Amurka da Afirka ta Kudu suka shiga. A nahiyarmu kuma akwai AJOL, mai ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, waɗanda na Nijeriya suke da kaso mai yawa a cikinsu. Roƙona ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Nijeriya, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa shi ne su zaɓi mujallun gida masu tantancewa ta gaskiya su ɗauki nauyinsu na dindindin, yadda marubuci ba zai biya ba, mai karatu ma ba zai biya ba, sannan a umarci kwamitocin ƙarin girma su ba su maki daidai da ingancinsu. Game da kamfanonin ƙetare kuma, ya kamata jami'o'inmu su haɗu su yi ciniki da murya ɗaya kamar yadda Jamus ta yi da kamfanonin Wiley da Springer Nature, maimakon a bar kowane malami yana rubuta wasiƙar roƙon ragi shi kaɗai.

Wassalam,
Wani malamin jami'a, daga Zariya