Saƙa da Ɗinki Ba Sai Don Kuɗi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina lura da shi a shafukanku da ma gidajen rediyo. Duk lokacin da aka taɓo zancen saƙa ko ɗinki, to a cikin labarin koyar da sana'a ne: an yaye mata kaza, an raba kekunan ɗinki kaza, an yi kira gare su da su dogara da kansu. Ban raina wannan ba, domin na san gidajen da keken ɗinki guda ya riƙe, ya ciyar da marayu, ya biya musu kuɗin makaranta. Sai dai akwai wasu mutane da ba a jin ɗuriyarsu ko kaɗan, wato waɗanda suke riƙe allura ko kwarashi don sha'awa kawai, ba sa jiran ko sisin kwabo daga abin da hannunsu ya yi. Ni ina cikinsu. Tsohuwar malamar firamare ce ni, na yi ritaya, kuma na fi shekara arba'in ina saƙa ba tare da na taɓa sa wa ko hular jariri farashi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar hira da aka yi da ni kwanakin baya a layin ganin likita. Da na ga layin ba mai tafiya ba ne, sai na ciro dunƙulen ulu da kwarashina daga jaka na ci gaba da safar da na fara. Wata yarinya mai goyo da ke kusa da ni ta zuba wa hannuna ido na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Mama, nawa kike sayar da saitin?" Na ce mata, "Ba na sayarwa ba ne, 'yata, na jikata ne." Ta ce, "To idan kin gama fa?" Na ce sai in fara wani. Ta girgiza kai cikin tausayi ta ce, "Kai, Mama, ai wannan asara ce, ga hannu ga lokaci." Ba da raini ta faɗa ba, kuma na san ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba, domin an shafe shekaru ana nuna mana cewa aikin hannu ba shi da wani amfani sai in ya koma kuɗi.

Da za a bi ta lissafinta, Malam Edita, to gaskiya ce ta faɗa. Saitin jariri, wato riga da hula da safa, yakan ci mini kusan mako biyu ina yin awa ɗaya ko biyu bayan sallar isha'i. Wanda ya shiga layin 'yan gwanjo zai iya samun rigar sanyi mai kyau a kuɗin da sau da yawa bai kai na zaren da na saya ba, balle a yi maganar ladan hannu. Wannan ne ya sa 'yan mata da yawa da aka koya wa saƙa da sunan sana'a suke jefar da kwarashi bayan 'yan watanni: sun kai kaya kasuwa, an taya musu abin da bai taka kara ya karya ba, sai suka yanke hukuncin cewa aikin banza aka koya musu. Da tun farko an gaya musu cewa abu ne da za su iya yi wa kansu da 'ya'yansu, su ji daɗin yinsa, da har yanzu yana hannunsu.

Muna da abin da ya isa ya zama mana izina a kan wannan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya rubuta cewa arzikin birnin yana kan tufafin auduga da ake saƙawa a rina a nan, ana kai su har Timbuktu da ƙetaren Sahara. A wannan shekarar ce kuma wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa, wanda sunansa ya zo ya zama sananne a ɗakunan iyayenmu. Na taso na tarar da kakata tana kaɗi. Ina iya tuna yadda take gurje auduga a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta har ta yi laushi, sannan ta dangwali alli ta murza mazari, zare yana fita siriri kamar ba hannu ne yake yinsa ba. A wurinta wannan sana'a ce, da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Da masaƙun zamani suka zo, aka buɗe ta farko a Kaduna a 1957, zaren inji ya yi araha, sai mata suka ajiye mazari ɗaya bayan ɗaya. Su ma masaƙun ba su dawwama ba, domin babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007, yau kuma duk wanda ya zaga Kantin Kwari ya san daga China yawancin yadin yake fitowa. A cikin jikokin kakata, mu da muka fi ashirin, babu ko ɗaya da ta iya kaɗi. Kasuwa ce kaɗai ta riƙe shi, da ta sake shi kuma babu wanda ya tare. Tsorona shi ne kada saƙar kwarashi da ɗinkin hannu su bi wannan hanya, kuma a ganina masu yi don sha'awa ne za su iya hana hakan, tunda su faɗuwar farashi ba ta sa su daina.

Akwai kuma masu ɗaukar cewa allura kayan mata ce, abin da kan ba ni dariya. A ƙasar Hausa maza ne aka sani da ɗinkin hula da na babbar riga, kuma da yawansu malamai ne da almajirai, suna zaune a zaure suna hira ko tilawa, allura tana aikinta. Aska biyu, aska takwas da tambarin da ake gani a ƙirjin riga duk daga hannunsu suka fito, kodayake daga baya matan birnin Zariya sun shiga aikin sun kuma ƙware. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawu ne mai albashi, amma da ya dawo daga ofis ya yi la'asar zai jingina da bango ya ɗauko hularsa. Takan kai wata uku a hannunsa, in ya gama kuma ya ba wani aboki ko suruki kyauta. Ban taɓa jin wani ya tambaye shi nawa yake sayarwa ba. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 ma, duniya ta ga hotunan Tom Daley, ɗan wasan Birtaniya da ya ci lambar zinariya a tsallen faɗawa ruwa, yana zaune cikin 'yan kallo yana saƙa abinsa, kuma babu wanda ya ce talauci ne ya sa shi.

Idan aka tambaye ni abin da nake samu, amsata ita ce natsuwa. Mai saƙa dole ta riƙa ƙirga, in kuwa hankalinta ya tafi wani wuri sai aikin ya tona mata asiri, domin gefe ɗaya zai fi ɗaya faɗi. A shekarar da maigidana ya rasu, bayan 'yan zaman makoki sun watse gida ya yi shiru, dare ne ya fi yi mini tsawo. Bayan addu'a, ban sami abin da ya taimake ni kamar wani bargo da na fara da ragowar zare kala-kala ba. Ba shi da kyau ko kaɗan, 'ya'yana har tsokanata suke yi a kansa, amma shi nake rufa da shi duk hunturu.

Kuskure ma yana cikin daɗin abin. Na taɓa yi wa babban jikana suwaita mai ruwan toka, sai zare ya ƙare mini saura hannu ɗaya. Na koma kasuwa na sayo irinsa, kamfani ɗaya, launi ɗaya, na ƙarasa da dare a hasken fitila ina jin daɗi. Da gari ya waye na shanya ta a tsakar gida, sai ga hannun hagu ya fi sauran jikin duhu ƙarara, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayata ko sabon yayi ne. A ranar na koyi cewa zaren da ba a rina shi a tukunya ɗaya ba yakan bambanta ko da sunan launin ɗaya ne, don haka mai hankali takan sayi abin da zai ishe ta tun farko, har da ɗan ƙari. Na zauna na warware hannu biyun duka, na sake su da baƙin zare don a ce da gangan na yi. Kafin in gama yaron ya ƙara tsawo, sai ƙaninsa ne ya sa ta. Haka nan a hankali na gano cewa yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Gane shi ba wuya: a gutsuri kaɗan a kusanta shi da ashana, na gashi zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Saboda haka nake gargaɗin duk wadda na ba kayan jariri da ta nisanta su da kaskon wuta a lokacin sanyi.

Ta ɓangaren ɗinki, tsohon kekena Butterfly na ƙafa ne, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ban iya yanka irin na teloli ba, kuma ba na gasa da su. Abin da nake yi shi ne kalmasa, da faci, da rage wa yara kayan yayyensu, sai kuma harhaɗa ƙyallayen atamfa da suka rage in mayar da su zanin gado ko rigar matashi. Irin wannan zanin gado yana da wani abu da na kanti ba shi da shi, domin kowane ƙyalle na san ankon bikin wa aka yi da shi.

A nan dole in amsa laifin da ni ma ina da hannu a ciki. A zamanin da muke 'yan firamare akwai darasin aikin hannu, kuma da gaske ake yinsa: 'yan mata su saƙa tumaƙasa ko su yi wa ƙyalle ado, yara maza su tufka igiya ko su yi faifai da mafici. Lokacin da na zama malama abin ya riga ya fara lalacewa, har aka kai matsayin da yaro zai kawo tsintsiyar da aka saya a kasuwa, ko sabulu, ko ma kuɗi, a ba shi maki. Na karɓa, na kuma ba da makin, saboda aji ya cika maƙil kuma babu zare babu allura. Yau ina ganin waɗancan yaran sun zama iyaye, maɓalli ya cire daga rigar ɗansu sai an nemi tela mai yawo.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ba mai tsada ba ne. Ina so ku ware ɗan gurbi, ko da sau ɗaya ne a wata, don masu wannan sha'awa. Yawancin bayanan koyon saƙa da ake samu a YouTube da littattafai da Turanci suke, cike da gajerun haruffa da ko mai ilimin boko sai ya sha wuya kafin ya gane su, alhali matakan farko ba su fi a bayyana su a rabin shafi da Hausa ba: yadda ake riƙe kwarashi, yadda ake yin sarƙar farko, wane kauri na zare ya dace da kwarashi mai milimita 3 ko 4, da dalilin da ya sa ake fara saƙa ɗan gwaji a auna shi kafin a shiga babban aiki. Wakilanku kuma su nemi tsofaffin maɗinka hula da riga a Kano da Zariya da Maiduguri, su tambaye su sunayen zane-zane da na ɗinki iri-iri a rubuta, domin sunayen suna bambanta daga gari zuwa gari, kuma a bakin dattawa kaɗai suke. Masu karatu su riƙa aiko da hoton abin da suka gama, mai kyau da marar kyau, a buga ba tare da farashi ko lambar waya a ƙarƙashinsa ba. Idan kun buɗe filin, ni zan fara aiko da hoton wancan bargo nawa, tare da bayanin yadda ake haɗa ragowar zare ba tare da ƙulli ya fito fili ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wata malama mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.