A Duba Lafiyar Madatsun Ruwanmu Kafin Damina Ta Kankama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi kira ga shugabanninmu.

Ni manomin rani ne a Kura, da ruwan madatsar Tiga nake noman shinkafa da tumatir. Tun da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, ruwa ya mamaye unguwar Gwange da Kasuwar Monday a Maiduguri har ya shiga fadar Shehun Borno, hankalina bai kwanta ba. Ita dai wannan madatsar ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994. Mu ma nan Kano dattawanmu ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba.

Madatsa ba ta ɓallewa a dare ɗaya. Da 'yar tsaga take farawa, ruwa yana tsattsafowa ta gindin ganuwa. Bishiya ta tsiro, saiwarta ta huda ƙasa. Ƙofar sakin ruwa ta yi tsatsa don an daɗe ba a shafa mata giris ba, ranar da ake son buɗe ta kuma ta ƙi motsi. Ko a magudanar da ke shayar da gonata, laka da kachala sun ci rabinta, sai mun haɗa kuɗi mun yashe sannan ruwa ke isa ga na ƙarshen layi. Aikin kula da madatsa ba shi da hoto, ba a gayyatar makaɗa, shi ya sa ba a kula shi.

Amma kunna rediyo da dare ka ji abin da ya ɗauke wa manya hankali: wane ya sauya sheƙa, wane sojan baka ya zagi wane, hoton wa aka yage a shataletale. Wallahi abin yana ci mini rai. Tiga da marigayi Audu Baƙo ya gina ta haura shekara 50 tana ciyar da mu.

Ina roƙon gwamnoninmu da ministan ruwa su zauna da injiniyoyin da ke kwana a bakin madatsun nan, ba 'yan rakiya. Su tambaye su yaushe rabon da a auna lafiyar ganuwar, ƙofa nawa ke buɗuwa, kuɗin gyara sun iso ko suna kan takarda. Su kuma tambayi wanda aka ɗora wa alhakin sanar da mutanen Wudil, Ringim da Haɗeja idan za a saki ruwa, da tazarar kwanakin da zai ba su.

Naku,
Wani manomin rani, Kura, Jihar Kano