Alpha Kappa Alpha ba ƙungiyar asiri ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na makon jiya kan 'yar siyasar Amurka Kamala Harris, inda kuka kira ƙungiyar da take ciki, Alpha Kappa Alpha, "ƙungiyar asiri ta ɗalibai". Wannan suna ya ɓata mini rai, domin a kunnen ɗan Najeriya yana nufin matsafan jami'a masu sara da wuƙa.

Ɗalibai mata baƙaƙen fata ne suka kafa ta a Jami'ar Howard da ke Washinton a 1908, lokacin da wariyar launin fata ta rufe musu ƙofofi. Daga 1935 zuwa 1942, ƙarƙashin jagorancin Dakta Dorothy Ferebee, 'yan ƙungiyar suna zuwa jihar Mississippi kowace shekara, su cika motoci da magunguna, su bi gonakin auduga suna yi wa 'ya'yan manoma rigakafi, wani lokaci a gindin bishiya. Katherine Johnson, wadda ta tantance lissafin tafiyar ɗan sama jannatin Amurka John Glenn zuwa sararin samaniya a 1962, ita ma 'yar ƙungiyar ce.

Abin da ya fi damuna shi ne uba a Kano ko Zariya ya karanta rahoton, ya hana 'yarsa shiga kowace ƙungiyar ɗalibai.

Ina roƙonku ku gyara wannan kuskure a fitowa ta gaba, ku kuma ware shafi kan aikin kiwon lafiya na Mississippi.

Wassalam,
Wata malamar makaranta, Zariya