Ganin kwaɗo a saman shafin intanet bai isa a saki jiki ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara a kan wata shawara da ta zama ruwan dare a jaridu da gidajen rediyo. Ana cewa in mutum zai sa kalmar sirrinsa ko lambar katinsa a wani shafi, ya duba saman burauza, in ya ga ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa nan to ya saki jiki. Ni kaina na sha faɗa wa mutane haka a da. Shawarar ba ƙarya ba ce, sai dai rabi ce, kuma rabin da aka bari ya fi wanda aka ɗauka nauyi.

Aikina kula da kwamfutoci da saba (babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafuka da bayanai) na wata ma'aikata ne, shekara goma sha ɗaya ke nan. Abin da kwaɗon ke nufi shi ne an kulle maganar da ke gudana tsakanin wayarka da wancan gefen, wanda ya laɓe a hanya ba zai iya karantawa ba. Wane ne a wancan gefen, wannan kuma wata magana ce daban. Kana iya yin raɗa da ɓarawo ba wanda ya ji ku, amma dai ɓarawo ka gaya wa sirrinka.

Duk sa'ad da ka buɗe shafin da adireshinsa ya fara da https, sabar da ke can tana miƙo wa burauzarka wata takardar shaida. Burauza sai ta duba abu uku. Wa ya sa hannu a takardar, yana cikin hukumomin da aka amince su bayar da ita? Wa'adinta bai ƙare ba? Sannan sunan da ke rubuce a cikinta, shi ne sunan shafin da ka nema? Na ukun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ɗauka mai gadi ne a bakin ƙofa, wani ya miƙa masa katin shaida. Ya duba hatimi, na gaske ne. Ya duba kwanan wata, da saura. Ya buɗe ƙofa bai karanta suna ba. To wane gadi ya yi? Duk mai katin gaske zai shige, ko da ba shi ake jira ba. Takardar shaidar intanet kuwa samun ta gaske ba wuya. Tun da Let's Encrypt, ɗaya daga cikin hukumomin nan, ta fara rabawa kyauta a 2015, duk wanda ya mallaki sunan shafi yana iya karɓar tasa cikin 'yan mintoci. Alheri ne babba, ba na kushe shi, amma ɗan damfara ma yana karɓa da sunan nasa shafin. Saboda haka in ba a gwada suna da suna ba, dubawa biyun farko aikin banza ne.

Ga abin da na gani da idona. An ba wani ɗan kwangila aikin rubuta mana manhajar waya da ma'aikata za su riƙa shiga suna duba bayanansu. Ya kawo, ta yi kyau, shugabanni sun yaba. Kafin a raba, na ce a bar ni da ita kwana ɗaya. Na mayar da kwamfutata tashar waifai, na haɗa wayar gwaji da ita, na karkatar da duk abin da manhajar ke aikawa ya biyo ta wurina. Sai na miƙa mata takardar shaida sahihiya, mai sa hannun hukuma, amma da sunan wani ɗan shafin gwaji nawa da ba shi da wata alaƙa da sabar ma'aikatarmu. Abin da ya kamata shi ne manhajar ta ce ba kai na nema ba, ta katse. Ko gezau ba ta yi ba. Na buga suna da kalmar sirri a wayar, na ɗaga kai, sai ga su ɓaro-ɓaro a allon kwamfutata. Na yi shiru na ɗan lokaci, don na san mutum ɗari da wani abu ne za su sa manhajar nan a wayoyinsu a makon da ke tafe.

Da muka buɗe rubutun manhajar, layi uku ne kacal. Wurin da aka tanada don gwada suna, an rubuta masa ya riƙa amsawa da "e" ko wane suna aka kawo. Na kira ɗan kwangilar. Ya ce: "Wallahi Oga, lokacin gwaji ne take ta ba ni matsala, na kashe don aiki ya tafi, sai na manta." Na yarda da shi, don na san yadda abin ke faruwa. Mutum yana cikin sauri, kuskure ya fito, ya bincika a intanet, amsar farko da ya samu ita ce ga yadda za ka kashe dubawar. Ya kwafa, ja ya koma kore, ya wuce. Kuma babu abin da zai tuna masa, domin manhajar da ba ta duba suna tana aiki sumul, ba ta taɓa yin ƙorafi. Ranar da za a gane ita ce ranar da aka riga aka yi ɓarna.

Kada a ɗauka sakacin ƙananan masu rubuta manhaja ne kawai. A 2012 wasu masu bincike daga Jami'ar Texas da ke Austin da Jami'ar Stanford a Amurka sun duba manhajojin biyan kuɗi da na kasuwanci da ba burauza ba, suka tarar da irin wannan rami a da yawa daga cikinsu. Ɗaya daga cikin dalilan har dariya yake ba ni. A kayan aikin cURL, wanda dubban manhajoji ke dogaro da shi wajen haɗuwa da saba, akwai zaɓin da ke kula da duba suna, kuma a lokacin sai ka ba shi lamba 2 yake yin cikakkiyar dubawa. Masu rubutu da yawa sai suka riƙa sa masa "gaskiya", suna zaton sun kunna tsaro, alhali na'ura tana karanta wannan a matsayin 1, wadda a wancan lokacin ba ta gwada sunan da wanda aka nema. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ma OpenSSL, kayan aikin kulle bayanai da ake ɗauka uban tafiya a harkar, bai zo da nasa aikin gwada suna ba sai a siga ta 1.0.2 a 2015. Kafin nan kowa shi ke rubuta nasa. Harshen Python ma sai a ƙarshen 2014 ya fara duba takardar shaida da kansa in an buɗe shafi ta hanyarsa ta yau da kullum.

Gwada sunan ma ba kallo ɗaya ba ne kamar yadda ake zato. A takardar akwai tsohon gurbi da ake kira CN, akwai kuma jerin sunaye da ake kira SAN, inda takarda ɗaya za ta iya ɗaukar sunaye da dama. Tun shekarar 2000 ƙa'idar RFC 2818 ta ce a fifita SAN, amma aka yi ta jan ƙafa har sai da Chrome ya daina kallon CN gaba ɗaya a siga ta 58 a 2017. Akwai kuma alamar tauraro. Takarda mai sunan *.example.com ta halatta ga mail.example.com, amma ba ta rufe a.mail.example.com ba, ba ta kuma rufe example.com tsirararsa ba, don tauraron gurbi ɗaya tak yake cikewa. Na ga ƙwararru sun kwana a kan wannan. In kuma da lambar IP ka shiga, wato adireshin saba na lambobi maimakon suna, to dole lambar ce za ta kasance a takardar, a gurbinta na lamba. A 2009 wani masanin tsaron kwamfuta, Moxie Marlinspike, ya nuna yadda ake cusa wani harafi marar siffa a tsakiyar suna, hukuma ta karanta sunan har ƙarshe ta ga na mai nema ne ta sa hannu, burauza kuma ta tsaya a harafin ta ga sunan wani babban kamfani. An toshe wannan tuni, na kawo shi ne don a ga ƙanƙantar ƙofar da ake shiga ta ciki.

Mai karatu zai ce to ni da ba na rubuta manhaja, ina ruwana? Ruwanka shi ne shafin gargaɗin nan da ke fitowa wani lokaci yana cewa haɗinka ba na sirri ba ne. In ka duba ƙasa a Chrome ka ga ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID, ko a Firefox ka ga SSL_ERROR_BAD_CERT_DOMAIN, burauza tana gaya maka ne cewa wanda ya amsa ba sunan da ka kira ke gare shi ba. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Ko mai shafin ya manta bai sa www a takardarsa ba, ko kana kan waifai na otal ko filin jirgi da ke tare ka sai ka fara shiga shafinsu. Amma daga inda kake zaune ba ka da hanyar bambance sakaci da tarko, kamarsu ɗaya. Shafin karanta labari ne, wannan ya rage naka. Shafin da za ka sa kalmar sirri ko kuɗi ne, ka rufe, ka sauya hanyar intanet, ka sake gwadawa.

A nan dole in ɗora laifi a kanmu, mu masu kula da sabar ma'aikatu. Mu ne muke barin shafukan cikin gida da takardar da sunanta bai dace ba, in ma'aikaci ya kira mu ce masa "danna ci gaba kawai, ba komai." Wanda ka koya wa danna ci gaba kullum safiya tsawon shekara uku, ran da gargaɗin gaske ya zo yatsarsa za ta riga idonsa. Ni ma na yi wannan a shekarun farko, kuma gyaran bai kai aikin awa ɗaya ba, lalaci ne kawai.

Akwai inda burauza ba za ta taimake ka ba ko ta yi aikinta daidai. Ita tana gwada takarda ne da sunan da ke cikin adireshi, ba sunan da ke zuciyarka ba. In ka danna mahaɗin da aka turo maka ya kai ka shafin ɗan damfara, takardarsa ta dace da sunansa, kwaɗo zai fito lafiya lau. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar suna da haruffan Sirilik irin na Rashanci da ke fitowa a ido kamar apple.com, ya karɓi takarda sahihiya a kai, don ya nuna wa masu burauza matsalar. Su kansu Google sun gane mutane na yi wa kwaɗon fassarar da ba tasa ba, shi ya sa suka cire shi daga Chrome a 2023 suka sa wata alama. Ke nan shawarar a duba kwaɗo ta ma tsufa, a wayoyi da yawa ba za a gan shi ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in marubutanku za su sake jan hankalin jama'a kan wannan, su koya musu karanta adireshi. A nemo sandar farko mai karkata (/) da ke bayan suna, a karanto baya daga nan, don mai shafin na gaskiya yana dab da ita. Adireshin asusu.example.com/shiga na example.com ne. Amma example.com.asusu.example.net/shiga na example.net ne, komai kyan abin da aka jera a gaba. Shugabannin ma'aikatu da ke ba da kwangilar manhaja kuma, kafin su sa hannu a biya, su sa a yi gwajin nan a gabansu: a miƙa wa manhajar takarda sahihiya mai sunan wani, a ga ko za ta ƙi. Tamu da aka goge layi ukun nan muka sake gwadawa, ta ƙi, ta rubuta cewa ba ta iya haɗuwa da saba ba. Ɗan kwangilar ya karɓi kuɗinsa bayan mako guda.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani ma'aikacin kula da kwamfutoci